Iskar da Alhaji Ya Ƙi Kaiwa Maraɗi

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, shayin ba zai gudu ba. Kai mai jar hula, ɗazu na ji kana cewa gyaran wutar mota ba wani abu ba ne, wai ja da ja, baƙi da baƙi, in ya gagara ka duba bidiyo. Sannu injiniya! Ni Sani Riwaya, tun gashin kaina yana baƙi wuluk nake bin waya, daga garejin Ƙofar Ruwa a Kano har zuwa nan Guangzhou, kuma har gobe akwai motar da take sa in cire hula in sosa ƙeya. Bari in ba ku labarin guda ɗaya, sai ku gaya mini a wane bidiyo za ku same shi.

Motar irin wadda ake kwana a ciki ce, wadda muke ce wa motar gida: gado, ɗan banɗaki, wurin girki, firji, duk a cikin bas ɗaya. Mai ita Alhaji Isuhu ne, mutumin Maraɗi, dillalin takalma. Duk wanda yake shiga layin Zhanxi, kasuwar takalman garin nan, ya san shi, ƙato ne mai fara'a, muryarsa tana riga shi shiga shago. Ba don yawon shan iska ya sayi motar ba. Matarsa, Hajiya Rabi, ungozoma ce ta asibiti, tana zagaya ƙauyukan arewa da Maraɗi inda babu wuta. Akwai wata allura da ake yi wa mace in jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, kuma allurar ba ta shiri da zafi. In ta sha rana, ƙarfinta ya tafi, ga ta a kwalba kamar lafiya lau amma ba ta aiki. Ƙanwar Alhaji, uwa ɗaya uba ɗaya, haka ta rasu a ƙauye, an yi mata allurar da ta daɗe tana yawo cikin jaka a bayan babur. Shi ya sa ya yi wa matarsa alkawarin mota mai firji. Saboda haka ku gane, firjin aka saya, gadon da banɗakin rakiya suka yi.

Wata Talata da hantsi ya shigo garejinmu da ita, gumi har ya jiƙa masa babbar riga. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Malam Sani, firigo ya kashe ni! Da sahe sanyi ƙarara, in rana ta take sai shi mutu. In na hau hanya kuma, fiyus ya tsinke. Ga jirgi na ruhe karɓar kaya a tashar Nansha ƙarshen satin ga."

Na ce, "Alhaji, zauna ka sha ruwa. Wa ya taɓa maka firjin?"

"Wallahi babu wanda ya taɓa firigon ga."

Ku riƙe wannan. Duk mai mota haka yake cewa, kuma yawanci ba ƙarya yake yi ba, tambayar ce ba ya ɗauka yadda ka yi ta. Da na matsa masa, sai ya ce ya koma wurin laoban ɗin da ya sayar masa, wato mai shagon, shi kuma laoban ya ce masa lafiya ya ba shi, "meiyou" matsala, babu komai. Sannan wani mai gyara a bakin hanya wajen Liuhua ya cire masa fiyus ya sa babba, don ya daina tsinkewa. Fiyus maigadi ne. In yana tsinkewa, akwai abin da yake gani, kuma wanda ya sa babba ya rufe wa maigadi baki ne kawai, waya ce za ta ci wuta a madadinsa.

Wani abin kuma, Hajiya ta sa shi ya ajiye ma'aunin sanyi a cikin firjin, kullum ya ɗauki hoto ya tura mata. Na ce, to me take cewa? Sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, "Ai na sahe nike tura mata." Na yi dariya har na dafe mota. Amma na gaya masa gaskiya, na ce Alhaji, a dajin Dakoro ba da safe kaɗai ake haihuwa ba.

Shi dai abin da yake so in cire firjin in sa sabo, a wuce wurin. Na ƙi. Ba a yanke wa firji hukunci sai an ji ta bakinsa. Motar gida wuta biyu gare ta: batirin inji daban, batirin ɗaki daban, ga sola a rufi tana cika na ɗakin, ga inbata tana ba da wuta irin ta gida. Wayoyi sun fi na gidan mai ɗaki uku, kuma duk a bayan katako suke, ba ka ganin ko ɗaya. Na buɗe akwatina. Ba wasu kaya ne masu yawa ba: mita, filaya, sukurudireba dogo da gajere, abin matse kan waya, ɗan madubi mai mariƙi irin na masu duba haƙori, da ƙwan fitilar mota da na haɗa wa wayoyi biyu. Wannan ƙwan ya fi mita daraja a wurina, kuma ba daga Kano na zo da saninsa ba.

Wanda ya koya mini shi ne mai garejin, Shifu Lam. Shifu da Sinanci shi ne maigidan da ya koya maka sana'a. Zuwana na farko, sayen fitilu da kwayil maigidana na Kano ya aiko ni. Motar da na ɗauka haya ta kwaso mini kaya ta mutu daidai ƙofar garejinsa, na sauka na buɗe ta, na fere waya da haƙori na murɗe, na naɗe da salatif kamar yadda muke yi a gida, mota ta tashi. Tsohon nan yana tsaye da kofin shayinsa yana kallona. Ya ɗaga mini babban yatsa, sannan ya zo ya ja haɗin da na yi da yatsa biyu, ya rabu. Ya ce, "No good." Iyakar Turancinsa ke nan, ni kuma Sinancina bai wuce "nihao" ba. Da hannu muka yi ta magana har na zama ɗan gida. Da na dawo Guangzhou na zauna a garejinsa, watannin farko ƙwace mitata ya yi ya kulle a durowa, ya ba ni ƙwan fitila. Mita tana iya nuna maka wuta cif a kan wayar da saura silli ɗaya ta tsinke, don ita ba ta jan komai. Ƙwai kuwa yana jan wuta, in wayar ba ta da lafiya sai ka ga haskensa ya yi ja, yana lumshewa.

Firjin motar gida kuwa, shekarar wahala ce ta koya mana shi. Lokacin korona, jirage suka tsaya, Kanawa da mutanen Nijar ba mai zuwa, motocin da nake duba musu kafin a loda babu ko ɗaya. Garejin ya yi tsit, sai kyanwa. Na ci taliyar leda har na tsani warinta. Matar Shifu ta sayi sabuwar tukunya musamman saboda ni, don ta san ba na cin abin da suke ci, tana dafa mini kifi da ganye tana aikowa, Allah ya saka mata. Da aka fara sakin mutane, sai tsofaffin Sinawa 'yan fansho suka raja'a kan motar gida, ba sa son otal. Suka yi ta kawo mana su, wannan tukunyar shinkafa ta shanye masa batir, wancan ɓera ya ci masa waya. A kan motocinsu muka gane halin firjin nan ciki da bai.

To, motar Alhaji. Na fara daga batirin ɗaki, lafiya. Na cire ƙaton fiyus ɗin nan na jefar, na sa daidai nasa. Na zare gaban firjin kaɗan, na kai ƙwaina kan wayoyin da suke ba shi wuta, haske fari tas. Firji ya tashi yana ɗan gurnaninsa. Alhaji ya ce, "Ka gani ko? Gaban mai gyara ba ya rashin kunya." Na ce bari rana ta yi. Muka fitar da motar tsakar fili. Kun san zafin garin nan, mai ɗanko, wanda riga take manne maka a baya. Kafin azahar sai injin firjin ya fara tashi yana tsayawa, tashi yana tsayawa, can ya yi shiru. Wuta tana nan, ƙwaina yana ci, amma firji ya ƙi. Wannan ba ciwon waya ba ne, zafi ne ya yi masa yawa ya kashe kansa don kada ya ƙone. Ke nan ciwo biyu ne a motar, na zafi daban, na fiyus daban.

Bayan mun yi salla, na ce Shifu ya ja motar. Akwai wata hanya a bayan garejin da manyan motoci suka farfasa, ita ce wurin gwajinmu. Na kwanta rub da ciki a ƙasan motar ta ciki, kaina a gindin firji, ƙwai a hannu. Alhaji yana zaune a kan gado ya riƙe labule. Ramin farko, hasken ya ƙifta. Na biyu, ya ƙifta. Shifu ya faɗa wani babba, kaina ya bugi katako, na ji ƙas, fiyus ya tafi. Wato akwai inda waya take taɓa ƙarfe in mota ta girgiza. Amma ina? Ina kwance ina tunani, hancina a bakin ramin da ke ƙarƙashin firjin, sai na ji wani wari. Ba warin ƙonewar waya kaɗai ba, wannan na san shi. Akwai wani a tare da shi, mai ɗumi, wanda na sani sarai amma ba a mota ba. Na sake shaƙa. Kai! Warin layin Zhanxi ne, warin sabon takalmin roba.

Na ɗago na dubi Alhaji. Shi kuma ya dubi taga, wai yana kallon gari.

Da muka koma gareji na zagaya ta waje. A jikin motar, daidai bayan firji, akwai 'yan ƙofofi biyu masu tsaga-tsaga, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Iska tana shiga ta ƙasa, ta ɗebe zafin firjin, ta fita ta sama. Tun da safe na kalle su, na ga duhu a ciki kamar yadda ya kamata. Yanzu na ɗora tafin hannu a ta sama, babu ko ɗan huci. Na kwance ta. Ashe duhun da na gani baƙar leda ce aka shimfiɗa da kyau. Na ja ledar, sai ga silifa suna zubowa a kan ƙafafuna, na yara, ja da kore da masu fure, an ɗaure su bibbiyu da roba, an danna su tun daga ƙasa har sama babu inda allura za ta shiga. Shifu ya ajiye kofin shayinsa ya riƙe ciki, ban taɓa ganin tsohon nan ya yi dariya irin ta ranar ba.

Na ce, "Alhaji! Ba ka ce babu wanda ya taɓa firjin ba?"

Ya ce, "To ai ban taɓa firigo ba, Malam Sani. Bayanshi na taɓa. Wuri ne na banza, iska kawai ke ciki. Ni in biya kwantena tun daga Nansha har Kwatano, in ɗauki iska in kai Maraɗi? Mu da muka hi kowa iska?"

Kada ku yi masa dariya da yawa, don iyayenku ma haka suke. Ɗan kasuwarmu in zai loda mota a kwantena, ba ya iya ganin rami ya bar shi. Na sha ganin an cusa batiran tocila a cikin tayar safaya, an jera 'yan kunne a cikin ƙofar mota. Basine ba zai taɓa tunanin duba takalmi a bayan firji ba, shi ya sa laoban ya rantse lafiya ya sayar, kuma gaskiyarsa ne. Da na leƙa sauran wuraren, ƙarƙashin gado takalma, cikin akwatin girki takalma, har tankin banɗaki bai tsira ba. Waɗannan ban ce komai ba, motarsa ce.

Sauran ciwo na biyu. Da muka kwashe silifan, na zura madubina da tocila, sai na ga wani ɗan katako sabo fil an gicciya shi a saman injin firjin. Alhaji ya ce ai shi ya sa mai ɗaure masa kaya ya kafa shi, don kada takalma su danne injin, ka ga ya yi hankali ke nan. An kafa shi da dogayen ƙusoshi masu murɗi. Ɗaya ta huda bangon katako ta wuce, ta shafi gefen jar wayar da take tahowa daga batir, bakinta ya je ya tsaya a ƙarfen mota. In mota tana tsaye, ba ta taɓawa sosai. In ta girgiza, wuta ta bi ƙusar ta sauka a ƙarfe. Na kwance bangon na jawo wayar. Tun da aka sa ƙaton fiyus ɗin nan take ta dahuwa a ɓoye, robarta ta narke ta yi baƙi kusan tsawon hannuna, tana manne da leda da soson bango.

Na miƙa masa ita a hannu. Na ce, "Alhaji, wasa ya ƙare. Ka ga wannan? Da ka tafi da ita haka, ɗayan biyu ne. Ko firjin ya mutu da tsakar rana a daji, Hajiya ta ɗauko allura tana ganin lafiya take, ko motar ta kama da wuta tana ciki."

Ya juya wayar a hannunsa, ya sake juyawa. Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Can ya ce, a hankali, "Innalillahi. Da hannuna." Ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa a ƙasan gareji, cikin baƙin mai, yana tsince silifan ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a buhu, ya hana kowa ya taya shi.

Aikin kansa bai fi na yini ba. Na ja sabuwar waya mai kauri tun daga batir, na zura ta cikin bututun roba, na matse kawunanta da abin matsewa, babu murɗi babu salatif. Na goge inda baƙar waya take kama ƙarfen mota har ya yi ƙyalli, na ɗaure tam. Shifu ya kawo 'yar fanka muka kafa a ƙofar sama, tana tashi da kanta in wurin ya yi zafi, don zafin Maraɗi ya fi na nan. Washegari muka bar motar a rana tun safe har la'asar, muka sake bin hanyar ramuka, ma'auni bai motsa daga inda Hajiya take so ba.

Da hankalin Alhaji ya kwanta, sai halin ya dawo. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam Sani, cikin jirgi ai firigo a kashe yake. In maida su, in mun isa a hidda?" Maganarsa a kan hanya take, a cikin teku takalmi ba zai yi komai ba. Amma na san mutanenmu. Ranar da aka buɗe ƙofar nan a Maraɗi aka ga kaya sun fito daga ciki, shi ke nan ta zama ma'ajiya har abada, direba zai sa tabarmarsa, wani zai sa ƙullin goro. Na ce a'a. Na yanko ragar ƙarfe na toshe ramin ta ciki, na dasa ta da ƙusar da ba ta kwantuwa, iska ta wuce amma ko cokali ba zai shiga ba. Sannan na ce ya kira mini Hajiya ta bidiyo. Ya ce, "Haba Bakano, tona mini asiri za ka yi?" Na ce ba zan ambaci takalmi ba. Na nuna mata ƙofofin biyu, na ce Hajiya, nan hancin firjinki yake, kada ki bari a jingina ko buhu a wurin, kuma in fiyus ya tsinke, a sa irinsa, kada a sa babba. Ta saurara tsaf, ta yi tambayoyi masu ma'ana. Sai ta ce, "Malam Sani, wancan buhun da ke bayan Alhaji, mai hure-hure, daga ina ya hito?" Alhaji ya karɓe wayar da sauri ya ce layi ba shi da kyau.

Motar ta samu jirgi. Silifan da suka rasa wuri kuwa, ya bar mana su, Shifu ya rarraba wa 'ya'yan maƙwabta, wata guda unguwar nan kowane yaro da takalmin Alhaji a ƙafa.

Shiru, shiru, har na sa aikin a bayana. Sai ranar nan cikin bazara, lokacin da zafin Nijar yake kaiwa maƙura, ina ƙarƙashin wata mota wayata ta yi ƙara. Lambar Nijar ce. Na goge hannu na ɗauka. Alhaji ne, amma ban gane muryarsa da farko ba. Ya ce, "Malam Sani," sai ya kasa ci gaba. Na ce a raina shi ke nan, firji ya ba da ni. Na tashi zaune har na buga goshi, ina cewa Alhaji lafiya, me ya faru? Sai na ji Hajiya ta karɓi wayar.

Ta ce, "Lahiya lau, Malam Sani, kada ka tsorata, kuka ne kawai ya ci ƙarhinshi. Jiya muna wani ƙauye gaba da Dakoro, rana tsaka, wata yarinya ta haihu, haihuwar fari, jini ya ɓalle. Na buɗe firigo, allurar da sanyinta kamar yanzu aka hiddo ta daga asibiti. Na yi mata."

Na ce, "Hajiya, ya tsaya?"

Ta ce, "Ya tsaya. Ga ta nan zaune da ɗiyarta a cinya, tana shan kunun kanwa."